Yadda Ake Tsara Gida Mai Sauƙi Don Ƙananan Yara a Sakkwato

Shekarar da muka tare a gidanmu, 'yata ta biyu ba ta cika shekara biyu ba. Ginin bai ƙare ba, amma haya ta ishe mu, muka ce mu shiga haka nan, sauran aiki a yi shi muna ciki. Cikin sauran aikin nan har da murfin ramin sokawe, wanda aka ɗora wa tsohon kwano da bulo biyu aka ce kafin jibi. Wata la'asar uwarta tana kicin, kicin ɗin kuwa tagarsa titi take kallo, sai mahaifiyata da ta zo mana kwana biyu ta fito alwala, ta hango yarinyar tsaye a kan kwanon nan tana tsalle, tana jin daɗin ƙarar da yake yi. Inna ba ta yi ihu ba. Ta lallaɓa ta sunkuce ta, sannan ta zauna a ƙasa jikinta na rawa. Da na dawo ta dube ni ta ce, "Kai, gidan ga naka, baƙi kag gina ma ko ɗiyanka?"

Tambayar nan ita ta sa na sake duban ginin tun daga tushe. Na kashe kuɗi a falo da fuskar gida, abin da mai wucewa zai gani, na bar abin da yaro mai rarrafe zai taɓa. Abin da zan jera a nan shi ne yadda zan yi in da yau zan fara, kuma mafi yawansa ba ƙarin kuɗi yake ci ba, sai dai a yi tunaninsa kafin a zuba siminti.

Mataki na farko: ka ga filin da damina

Filin da ka gani a watan Maris, busasshe, shimfiɗe kamar tabarma, kada ka biya kuɗinsa sai ka sake ganinsa a watan Agusta bayan an sha ruwa mai ƙarfi. In ba za ka iya jira ba, dubi katangun maƙwabta: ruwa yana barin zane a jikin bango, tsayin zanen kuwa ba ya ƙarya. Wanda ya ga ambaliyar 2010, lokacin da gulbin Rima ya cika ya ɓalle har ya yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ba sai an yi masa dogon bayani a kan filin da ke gangaren fadama ba. Ko a cikin gari, filin da ya yi ƙasa da titi tafki ne da damina, tafki kuma sauro ne, kuma wurin wasan yara ne ko kana so ko ba ka so.

Ka guji ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, da bakin babban titi, da kusa da tsohon kududdufi. Ka taka da ƙafarka daga filin zuwa makarantar allo da ta boko da masallaci, ka lissafa titi nawa yaro ɗan shekara shida zai tsallaka. Takardu kuwa a yi su a rubuce, da shaidu, da sanin mai unguwa, sannan a kai zanen gini hukumar tsara birane ta jiha ta amince kafin a haƙa rami ko ɗaya.

Mataki na biyu: ku zana gidan a ƙasa, kai da uwar yara

Nan ne gidan yake gyaruwa ko ya ɓaci. Kafin ka je wurin mai zane, ka ɗauki igiya da turaku da kwanon toka, ka ɗauki uwargida, ku tafi filin. Fuloti mai ƙafa 50 a 100, wato kusan mita 15 a 30, ya ishi iyali matsakaici in ba a cika shi da gini ba. Ku ja layin ɗakuna da toka a ƙasa, girmansu na gaskiya. Ɗaki mai ƙafa 12 a 12 yana ɗaukar gado da kabad da wurin salla. Ku shiga ta inda ƙofa za ta kasance, ku fita, ku zaga. Mace da yawa ba ta gane zanen takarda, namiji ma da yawa kai kawai yake gyaɗawa, amma in aka tsaya a cikin layin toka kowa yana ganin abin da ake nufi.

Sai ta tsaya a inda murhu zai zauna, kai kuma ka je ka tsuguna a inda yara za su yi wasa. Tana ganinka? In ba ta ganinka, a share tokar a sake. Haka za ku yi daga wurin wanki, da daga ƙofar ɗakinta. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa huɗu ba ya zama, kuma ba mai iya riƙe shi a hannu tun safe har dare. Abin da ke tsare shi ido ne. Gidajen iyayenmu a tsohon gari, wajajen Ƙofar Marke da Rijiyar Ɗorowa, sun riga mu gane wannan: zaure a gaba, ɗakuna a kewaye, tsakar gida a tsakiya, duk wanda ya ɗaga kai ya ga kowa. Mu ne muka ɗauko gida mai dogon lungu a ciki da ƙofofi shida a jere, aka ajiye kicin can ƙurya kamar an yi fushi da shi.

Tsarin da na fi yarda da shi, gini ne mai kusurwa, ɗakuna a jere a gefe biyu suna rungume da tsakar gida. A gaba ɗakin baƙi ko zaure, da ƙofarsa ta waje da ɗan banɗakinsa, don baƙo ya zo ya tafi bai ratsa cikin gida ba. Sai falon iyali, wanda shi ne ainihin wurin zama, sai ɗakin uwa, sai ɗakin yara manne da shi, ta yadda in yaro ya yi tari da tsakar dare za a ji. Kicin da sito a ɗaya gefen, tagar kicin tana kallon tsakar gida. Baranda ɗaya mai faɗi ta haɗe su duka, ita ce za ta maye gurbin lungun ciki da ke cin bulo da kwano ba ya ba da iska ko haske.

Ku bar wurin ɗaki na uku a zanen ko ba za a gina shi yanzu ba. Yara suna girma, kuma addini ya umarce mu da raba musu makwanci in sun kai shekara goma. Shekara goma kuwa kamar gobe ce. In an bar gurbin tun farko, da tushensa a ƙasa, ranar da hali ya samu ɗorawa kawai za a yi.

Bene fa? Ga mai ƙananan yara da ƙaramin ƙarfi, ni ban ga dalilinsa ba. In ya zama dole, a sa ƙaramar ƙofa a sama da ƙasan matakala, ƙarfen gefenta ya kai tsayin mita ɗaya, sandunansa su tsaya a tsaye don kada su zama tsani, tazarar da ke tsakaninsu kuma kada ta wuce santimita 10, yadda kan yaro ba zai shiga ba.

Da kun gama da toka, sai ka kai wa mai zane da injiniya su mayar da shi lissafi. Abin da ka kai musu yanzu gida ne da kuka riga kuka zaga cikinsa.

Mataki na uku: rana da iska

Mu da ke Sakkwato mun san abin da ake kira bazara. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma babba yana iya tashi ya nemi inuwa ko ya watsa ruwa, jariri kuwa inda aka ajiye shi nan yake. Ɗakin da ya zama tanda da rana, da dare kuma a cunkushe mutum shida ciki a rufe taga, nan ne ƙuraje da rashin barci suke, kuma cunkoso a ɗaki marar iska yana taimakon yaɗuwar sanƙarau, wanda ya yi mana ɓarna a nan da Zamfara a 2017. Ba a dogara da na'urar sanyaya ɗaki wajen maganin wannan, don ranar da babu wuta babu ita. Ginin kansa ne zai yi sanyi.

Ka sa dogayen bangayen ɗakunan kwana su kalli kudu da arewa, gajerun su kalli gabas da yamma. Ranar la'asar da ke dukan bangon yamma ita ce muguwa: bulo yana shanye zafinta ya riƙa amayar da shi cikin ɗaki har tsakar dare. Saboda haka a yamma a ajiye sito, ko banɗaki, ko wurin mota, su tare wa ɗakin yara rana. In filin bai ba da dama ba, a dasa itace a wajen, ko a yi rumfa.

Kowane ɗaki ya samu taga biyu a bango biyu daban, don iska ta shiga ta fita. Taga ɗaya da ƙofa a bango guda ba ta motsa iska. A can sama kusa da silin a bar ƙananan kafofi masu raga, domin iska mai zafi sama take taruwa. Silin ya kai ƙafa 10 daga daɓe, kada a yarda a rage layin bulo don tsimi. Tsakanin silin da kwano ma a bar mafitar iska a gefe biyu, a sa mata raga saboda jemage da tsuntsaye. Kwano mai haske ya fi mai duhu sanyi, ko da mai duhun ya fi ɗaukar ido. Bakin rufin ya fito kamar ƙafa biyu zuwa uku daga bango, ya yi masa inuwa ya kuma kare shi daga feshin ruwa. Hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, don haka a ɗaure katakon rufi da ƙarfe a cikin linta, kada a bar shi a kan ƙusa kawai.

Lokacin da nake gyaran ɗakin yara na ce wa maginina ina son a fasa bango a ƙara taga. Dattijo ne, ya daɗe a sana'ar. Ya ce, "Alhaji, ai tun farko na hwaɗa maka, kac ce kuɗin taga sun yi yawa. Bangon ga shina shan rana tun azahar." Gaskiyarsa. Tagar da na ƙi saya da farko, sai da na biya kuɗinta da na fasa bango da na sabon shafe.

Hunturu kuma nasa daban ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska tana zuwa daga arewa maso gabas da ƙura, yara su kama tari da mura. Tagogin wannan gefen su zama masu rufuwa ruf, kuma kowace taga a gidan ta samu ragar sauro da za a iya cirewa a wanke, don ƙura tana toshe ta har iska ta daina wucewa.

Kada a raina ginin ƙasa. Bangon jan ƙasa mai kauri ya fi bulon siminti mai rami riƙe sanyi, duk wanda ya taɓa yin ƙailula a tsohon soro ya sani. In aka ɗora shi a kan tushen siminti, aka ba shi rufi mai faɗin baki, yana daɗewa. Wanda ya zaɓi bulo, ya yi bangon waje da mai inci 9, na cikin gida da mai inci 6. Siminti a ƙofarmu ake yin sa, ga masana'anta nan a Kalambaina, amma wannan bai hana a sayar maka da bulon da yashi ya fi yawa ba. Ka ɗaga ɗaya zuwa ƙugunka ka sake shi; in ya watse, ka bar wurin. In a filinka ake bugawa, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai. Daɓen gida ya ɗaga sama da titi da kamar ƙafa ɗaya da rabi zuwa biyu, a yi feshin maganin gara a tushe, a shimfiɗa leda kafin a zuba kankare don kada danshi ya hau bango.

Mataki na huɗu: tsakar gida

Kada ka shafe ta duka da siminti ko ka jere ta da dutsen ado. Da azahar ɗin Afrilu wannan daɓen yana ƙona tafin ƙafar yaro, da dare kuma yana huro zafi. A yi siririyar hanya daga get zuwa baranda da banɗaki, sauran a bar shi ƙasa, a ware kusurwa ɗaya mai inuwa a zuba yashi mai laushi. Yaro da yashi da tsohon gwangwani da ludayi, ya samu abin yi har magariba. A riƙa tankaɗe yashin lokaci-lokaci, a rufe shi da tsohuwar tabarma da dare saboda kyanwa, a kuma ɗaga tabarmar da sanda da safe saboda kunama. Tarin bulo da itacen girki da tsofaffin kwanoni, can nesa da wurin wasa, don nan ne maɓoyarta.

Itace kuwa a dasa shi ranar da aka aza tushe, kafin a gama gini ya kama ƙasa. Dogonyaro yana jure mana, amma saiwarsa tana tafiya, a ba shi kamar mita biyar daga bango da rami. Zogale da lalle da gwaiba ba sa cin wuri. Cin-da-zugu da zurma da zaƙami kada su zauna a gidan da yara suke. 'Ya'yansu guba ne, yaro kuma duk abin da ya yi kama da gyaɗa baki yake kai shi.

Mota tana buƙatar maganarta daban. Direban da ke ja da baya ba ya ganin yaron da tsayinsa bai kai bayan mota ba, kuma yara ƙarar motar babansu suke ji su sheƙo da gudu. A ajiye motar a gaba kusa da get, a raba wurinta da tsakar gida da gajeriyar katanga mai ƙofa. Sakatar ƙaramar ƙofar get a ɗaga ta inda hannun ɗan shekara huɗu ba ya kai.

Mataki na biyar: ruwa da ramuka

Wannan shi ne abin da ya kusa cin gidana, don haka zan tsaya a kansa. Ƙaramin yaro kansa yana da nauyi sosai in aka gwada da jikinsa. In ya leƙa bokiti ko baho ya kifa ciki, ba ya iya ɗagowa, kuma ba ya ihu. Ko ruwan da zurfinsa bai kai tsawon yatsa ba yana iya halaka shi. Mu kuwa saboda ƙarancin ruwan famfo, gidajenmu cike suke da duro da baho da randa. Ba za a daina tara ruwa ba, sai dai a ba shi wurinsa tun a zane: ɗan keɓaɓɓen wuri kusa da wurin wanki, mai ƙofa da sakata a sama, duro kuma mai murfi. Bahon wanki in an gama a kife shi nan take.

Ramin sokawe, da tankin ƙasa, da rijiya, da salga, kowannensu a yi masa murfin kankare mai rodi a ciki. Ƙaramar ƙofar da ake buɗewa ta zama ta ƙarfe mai kwaɗo. Kwano da katako ba murfi ba ne, rana da tsatsa da gara suna cinye su ta ƙasa, sama tana nan kamar lafiya lau. Rijiya a ɗaga bakinta ya kai ƙugun babba. Ba a tarewa a gida sai an gama wannan. A tare babu fenti, babu tayil, babu silin ɗin falo, amma ba a tarewa da buɗaɗɗen rami.

Tsakanin rijiya da ramin ƙazanta ana son tazarar mita 30, ƙasarmu kuma mai yashi ce, ruwa yana ratsa ta da sauƙi. Ka lura, fulotin gaba ɗaya tsawonsa mita 30 ne, kuma maƙwabcinka ma yana da nasa ramin a bayan katanga. Saboda haka rijiya a can ƙarshe ɗaya, rami a ɗaya ƙarshen, a tambayi maƙwabta inda nasu yake kafin a haƙa, ruwan da yara za su sha kuma a tafasa shi ko a sa masa maganin tsarkake ruwa.

Tankin sama a yi masa rumfa, a binne bututunsa a ƙasa. Ruwan da ya wuni a baƙin tanki cikin ranar bazara yana fitowa da zafin da ya isa ya sa jariri ƙara, don haka ko da rumfar, uwa ta fara taɓa ruwan da gwiwar hannunta. Tsanin hawa tankin kuma a cire matakansa na ƙasa.

Banɗaki: tayil mai kaushi, daɓe mai gangara zuwa magudana don kada ruwa ya kwanta, ƙofar da ake iya buɗewa ta waje in yaro ya kulle kansa. Mazaunin ya kalli kudu ko arewa, tunda alƙiblarmu gabas ce da ɗan karkata arewa. A gaya wa mai aikin famfo tun kafin ya binne bututu. A ƙofar banɗakin tsakar gida a sa famfo ɗaya gajere daidai tsayin yaro, da wurin ajiye sabulu. Wanda hannunsa ke kai famfo shi ke koyon wanke hannu da alwala ba tare da an bi shi da buta ba.

Mataki na shida: wuta iri biyu

Ƙofar kicin a raba ta biyu, sama da ƙasa. A rufe rabin ƙasa, a buɗe na sama: uwa tana gani tana ji, iska tana shiga, mai rarrafe kuma yana waje. Kafinta ko mai walda kowa yana iya yin ta. Murhun gas ko risho ya hau kan kanta ta kankare, kada ya zauna a ƙasa, hannun tukunya kuma a juya shi ciki. Tukunyar gas a yi mata ɗan keji mai iska a bayan bangon kicin ta waje, a shigo da tiyo ta kafa. Gas ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwanciya. A riƙa gwada mahaɗarsa da ruwan kumfa. Murhun itace da kurfoti a yi musu rumfarsu mai gajeren shinge, nesa da yashin wasa, domin garwashin da toka ta rufe yana nan da ransa. In ƙuna ta faru, a zuba ruwa mai sanyi na minti 20, ba manja ba, ba man goge baki ba, ba ɗanyen ƙwai ba, sannan a tafi asibiti.

A sito a kafa kabad ɗaya a sama mai makulli. Kananzir, fiya-fiya, maganin ɓera, ruwan wanke banɗaki, magungunan manya, duk can. Kada a zuba kananzir a robar lemo ko ta ruwa. Yaro mai ƙishirwa siffar robar ya sani. In ya sha, kada a sa shi amai, don yana iya shiga huhu, a kai shi asibiti kai tsaye.

Wayarin a ba wanda ya iya, da waya mai kyau, a cikin bututu cikin bango. Soket a ɗakin yara da falo a ɗaga shi ya kai ƙirjin babba, ya zama mai baki uku mai rufin ciki. A binne ƙarfen atin, wato wanda ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, a kuma sa na'urar nan da ke yanke wuta da zarar ta ja mutum, mai lamba 30mA, a riƙa danna maɓallin gwajinta. A yawaita soket tun farko, domin ƙarancinsa ne ke jawo wayoyi suna jan ciki a ƙasa. Janareta yana da ɗakinsa a waje, buɗaɗɗe, nesa da tagogi. Hayaƙinsa yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta wari, tana kashe mutane cikin barci. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki da hunturu ma wannan gubar yake fitarwa. Batiran sola a ɗora su inda iska take kuma yaro ba ya kai.

Ƙarfen taga yana hana ɓarawo shiga, yana kuma hana mai gida fita ranar gobara. A kowane ɗakin kwana a yi guda ɗaya mai buɗewa ta ciki, makullinsa a rataye kusa inda manya suka sani. Gidan kuma ya samu ƙofar fita biyu.

Mataki na bakwai: cikin ɗaki

Tayil mai sheƙi yana da kyau a ido, amma ruwa kaɗan ya zuba ya zama santsi. A zaɓi marar sheƙi, ko a yi daɓen siminti mai laushi a shimfiɗa leda ko tabarma. Kafet mai gashi daga bango zuwa bango, da ƙurarmu da fitsarin yara, wahala ce kawai. Dokin ƙofa kada ya yi tudu, gefen matakalar baranda da kanta a goge kaifinsu tun siminti yana ɗanye.

Fenti a sa mai wankuwa daga ƙasa zuwa ƙirji, a tambayi wanda babu dalma a cikinsa, musamman fentin mai na ƙofa da taga da yara ke gwaguya. Abin da dalmar haƙar zinariya ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu, ya nuna mana yadda jikin yaro ba ya ɗaukarta. A bango ɗaya na baranda a shafa baƙin fenti a yi musu allo, a ba su alli; sauran bangayen sai su huta.

Kaya kaɗan. Katifa a ƙasa ko gajeren gado ya fi wa ɗan ƙasa da shekara biyar. Gado mai hawa biyu a ƙarƙashin fankar sama haɗari ne, in za a sa shi a koma fankar bango. Ƙugiyoyin gidan sauro a kafa su tun ana silin, a kan kowane makwanci, har da baranda, tunda da bazara waje ake kwana. Kabad da talabijin a ɗaure su da bango, don yaro yana jawo aljihun kabad ya taka. A ƙasa kuma a yi musu 'yar kanta tasu da ƙusoshin rataye jaka da allo, daidai tsayinsu.

Mataki na takwas: in kuɗi ba su kai ba

Yawancinmu da kaɗan-kaɗan muke gini. A fara da katanga da get, da ɗaki biyu, da kicin, da banɗaki, da baranda, da murfin kowane rami. Adon silin, da tayil ɗin bangon waje, da ginshiƙan ƙofar gida, su jira. Tushe da rufi da wayarin ba a tsimi a kansu. In za a ci gaba da aiki kuna ciki, a kewaye wurin aikin da kwano, a lanƙwashe kan rodin da ya fito, a kwashe ƙusoshi kullum da yamma, duron magina kuma a rufe shi ko a zubar da ruwan kafin su tashi.

Mataki na ƙarshe: ka durƙusa

Ana gobe tarewa, ka je gidan kai kaɗai, ka naɗe wando, ka durƙusa a kan gwiwa da hannu tun daga ƙofar get. Ka bi baranda, ka shiga kowane ɗaki a haka. Daga nan ƙasa za ka ga abin da ba ka taɓa gani a tsaye ba: wayar da ta leƙo a bayan ƙofa, ƙusar da kafinta ya yar, kafar da ke ƙarƙashin get wadda ta isa kai ya wuce, guntun gilashi a cikin yashi. Duk abin da hannunka ya kai ka ja shi, duk murfin da ka gani ka gwada ɗaga shi, ka hau kansa da duk nauyinka. Ka riƙe alli ka yi wa kowane wuri alama, ka kira magini da mai walda su gyara a ranar.

Sannan ka kira uwar yara ta tsaya a kicin, ka zauna a kan yashi, ka tambaye ta ko tana ganinka. In ta ce tana gani, a kawo kaya.